Sharhi kan kayan shiga manhol: ƙafa-ukun DBI-SALA da mitar gas ta Altair 4XR

Akwai manhol (ramin da ake shiga a duba bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa) da ake buɗewa duk wata, akwai kuma wanda tun ranar da ɗan kwangila ya ɗora masa murfi ba a ƙara leƙa shi ba sai bayan shekara bakwai ko goma, ranar da layin bututun ya toshe, ƙazanta ta fara dawowa ta banɗakunan mutane. Na biyun nan shi ne abin tsoro. Ramin da ake shiga a kai a kai ma'aikata sun san halinsa, sun san matakin da ke girgiɗi da inda santsi yake. Wanda aka manta da shi kuwa, mai shiga bai san komai a kansa ba sai abin da ke takardar zane, in ma takardar tana nan.

Kayan da za mu duba domin irin wannan rami aka yi su. Akwai ƙafa-uku ta alminiyam ta 3M DBI-SALA mai tsayin mita 2.1, wadda ake kafawa a kan bakin rami a rataya mutum a jikinta, da wincin Salalift II, na'urar saukar da mutum da jawo shi, mai waya mita 18, da na'urar cafke mai faɗuwa ta Sealed-Blok mai waya mita 15 da hannun jawo mutum, da ɗamarar jiki, sai mitar gas ta MSA Altair 4XR. Kamfani biyu ne, amma a bakin rami tare ake ganinsu. Ra'ayinmu tun daga farko: kayan sun yi, kuma ga ramin da ba a cika shiga ba sun fi duk wani mataki ko tsani da za a kafa a ciki a tafi a bari. Sai dai suna da sharuɗɗa, rabin sharuɗɗan kuma ba a kanti ake cika su ba, ranar zuba kankaren ramin ake cika su ko a ɓata su.

Abin da ke samun matakan cikin rami

Ƙazantar da ta kwanta a bututu inda iska ba ta kai mata tana fitar da gas ɗin H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gas ɗin ya tashi ya cika sararin da ke saman ruwa, ya narke a gumin da ke jikin bango. A nan wasu ƙwayoyin halitta suke mayar da shi asid, irin na ruwan batirin mota. Wani masani a Melbon ta Ostiraliya, C. D. Parker, shi ya bayyana su a 1945, ya raɗa musu suna mai ma'anar masu cin kankare. Ɓarnar ba a cikin ruwa take ba, a sama da ruwa take: wuyan rami, ƙasan murfi, da matakan ƙarfe, wato daidai abin da mutum zai ɗora nauyinsa a kai. Zafi yana ƙara musu ƙaimi, mu kuwa zafi bai taɓa yi mana ƙaranci ba.

Matakin rodi da mai walda ya lanƙwasa aka cusa a bango a gindi yake ci, inda ya shiga kankare, wurin da ido ba ya kaiwa daga sama. Ka haska tocila ka ga matakai reras, ka taka na farko da na biyu lafiya lau, na huɗu ya biyo ƙafarka. Masu rufin roba sun fi daɗewa, amma su ma sau da yawa kallon kitse ake wa rogo: da zarar bakin shebur ya tsaga robar, ruwa ya samu hanya, rodin ciki ya yi ta cin tsatsa robar tana nan sumul. In ƙarfen ya tsira, kankaren da ke riƙe da shi ne zai yi laushi kamar jiƙaƙƙen alli, matakin ya zare gaba ɗaya.

Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta ce a duba matakan manhol a farkon aikin kowace rana. Magana ce mai kyau, amma matakin da ke mita biyar ƙasa ba ya dubuwa sai an taka waɗanda ke samansa. Ga shi suna rage faɗin baki, suna maƙale kafaɗa ko takalmin wanda ya suma in ana jawo shi, kuma gayyata ce ga duk wanda ya ɗaga murfi, yaro ko babba, ya ce bari ya ɗan sauka ya leƙa. Shi ya sa hukumomin ruwa da dama a Ostiraliya da Amurka suka daina sa matakai a sababbin ramukan ƙazanta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Amma cire mataki yana da farashi: nauyin mutum gaba ɗaya ya koma kan waya, wayar kuma dole ta zama biyu.

Ƙafa-ukun

Nauyinta wajen kilo 21 ne, mutum ɗaya yana saɓa ta a kafaɗa. An yi ta domin mutum ɗaya wanda nauyinsa da na kayan jikinsa bai wuce kilo 140 ba. Kowace ƙafa tana zugewa ta ƙara tsawo, a soka mata fil a ramin da ake so. Tafin ƙafar yana da roba domin kwalta da kankare, yana da haƙora a gefe domin ƙasa. A ƙasa akwai sarƙa da ke zagaye ƙafafun uku, kuma ita ce abin da aka fi rainawa. Ma'aikata kan cire ta don tana harɗe su. Sarƙar nan ita ke hana ƙafafu bajewa lokacin da nauyi ya faɗo wa kan ƙafa-ukun farat ɗaya, musamman a kan tayil ko kankare mai laima. A ɗaure ta har sai ta daina lilo.

Abu biyu ke kayar da ƙafa-uku. Na farko jan gefe. Muddin nauyi yana sauka tsakanin ƙafafun, tana nan daram kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Da zarar an jawo wanda aka fito da shi zuwa wajen sarƙa alhali yana rataye, ko mai aiki a ƙasa ya kutsa cikin bututu wayar ta karkace, sai ta tashi da ƙafa ɗaya. Na biyu ƙasa mara daidaito. In ƙafa ɗaya tana kan kwalta ɗaya tana cikin kwata, a daidaita da fil har kan ya tsaya sak a tsakiyar baki. Kada a tallafe ta da bulo, bulo yana murƙushewa.

Aibinta na gaske tsayi ne. Mita 2.1 ɗin nan sai an zuge ƙafafu duka ake samunsa. Cire tsawon ƙugiya da abin da fuli, wato ɗan gargaren da waya ke bi a kan ƙafa-ukun, ya ci, sannan ka tuna zoben ɗamara yana tsakanin kafaɗu, wajen mita ɗaya da rabi daga tafin ƙafar dogon mutum. Abin da ya rage kaɗan ne. In an kafa ta a gajarce saboda matsi, ko bakin ramin ya ɗaga sama da ƙasa, ƙugiya za ta kai fuli gwiwoyin mutum suna cikin rami. Mai hankalinsa zai dafa ya fito. Wanda ya suma sai an kinkime shi. Duk wanda ramukansa ke da wuya a sama da ƙasa ya nemi babbar, mai mita 2.7, ya haƙura da ƙarin nauyi.

Winci daban, na'urar cafke mai faɗuwa daban

Nan ne masu saye suka fi yin kuskure, don duka biyun suna da waya da hannun juyawa, kuma duka a jikin ƙafar ake maƙala su.

Salalift II shi ne na saukarwa da hawarwa. Ka juya hannu mutum ya sauka a hankali, ka saki hannu birki ya riƙe shi inda yake. Shi ke maye gurbin tsani. Sealed-Blok kuwa wayarsa tana bin mutum da kanta kamar bel ɗin mota, tana fita tana komawa, in ya fizge ta kulle. Hannun da ke jikinsa na gaggawa ne kawai: mutum ya faɗi ko ya suma, mai tsaron baki ya zare fil, ya shigar da hannun, ya naɗo shi sama. Littafin kamfanin ya faɗa ƙarara ba a yi shi domin sauka da hawa na yau da kullum ba. Wanda ya mai da shi winci yana cinye haƙoran giyar na'urar da ake ajiye wa ranar tsautsayi.

Lissafin saye mai sauƙi ne. In akwai tsani mai kyau, ko na ɗauka da aka zo da shi aka ɗaure a baki, Sealed-Blok kaɗai ya isa, don tsani ne ke ɗauke da mutum, waya tana gadi. In babu tsani, dole duka biyun, winci yana ɗauka, Sealed-Blok yana gadi, kowanne da fulinsa. Mutum a kan waya ɗaya tak cikin ramin mita shida ba tsari ba ne, caca ce.

Abin da ya sa muka fifita Sealed-Blok a kan takwarorinsa masu araha yana cikin sunansa: Sealed na nufin rufaffe, birki da sifirin ɗin da ke mayar da waya suna cikin ɗaki rufaffe, dattin da waya ta kwaso ba ya kai musu. A aikin ƙazanta wannan ba ado ba ne, don duk wayar da ta sauka da kaya take dawowa. Kuɗin wannan rufi nauyi ne, ɗora shi a maƙalinsa aikin hannu biyu ne. Ana sayar da su da waya mai rufin zinki ko ta silba, wato farin ƙarfe mara tsatsa, kuma a ramin ƙazanta ta silba ita ce zaɓi. A jikin ƙugiya akwai alamar da ke bayyana in na'urar ta taɓa cafke faɗuwa. In ta bayyana, na'urar ta bar aiki ke nan sai wakilin kamfani ya buɗe ta. Wannan alama ita ce abin dubawa na farko ga mai sayen na gwanjo. Wanda kuma ya ga Capital Safety a jikin takarda kada ya ɗauka jabu ne, tsohon kamfanin ne da 3M ta saya a 2015, amma hakan ya gaya maka shekarun kayan.

Winci yana da hali ɗaya mai ban haushi. In aka naɗe waya ba nauyi a kanta, tana hawa kan juna ta cije, ranar da aka ɗora mutum sai ta riƙa sakin kanta da fizga. A riƙe ta da safar hannu a ɗan ja yayin naɗewa, ana goge ta da tsumma a lokaci guda.

Ɗamara ba ta buƙatar dogon bayani. A sayi mai zobe a baya da zobba biyu a kafaɗu. Wanda aka ja ta zoben baya yana sunkuyawa, kansa ya faɗo gaba, a baki mai faɗin santimita 60 kuwa haɓa da ƙeya ne ke maƙalewa. Zobban kafaɗu da sandar raba igiya suna fito da shi a miƙe. Bel ɗin ƙugu kaɗai, ko igiyar guga a ɗaure a ciki, yana ninke mutum biyu ya toshe bakin da kansa. A wanke ɗamara da sabulu mara ƙarfi, ban da bilic, a shanya a inuwa.

Mitar gas

Da za a ce abu ɗaya kawai za a iya saye a cikin kayan nan, wannan ce. Ƙafa-uku tana fito da wanda ya faɗi, mita tana hana shi shiga tun farko.

Altair 4XR ba ta wuce tafin hannu ba, kuma abu huɗu take aunawa. Oksijin a iska mai kyau kashi 20.9 ne cikin ɗari, tana kuka in ya sauko 19.5. Gas mai kamawa da wuta, wanda a nan yawanci metan ne, yana tashi da wuta in ya kai kashi 5 cikin ɗari na iska, ita kuwa tana kuka tun yana kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi. H2S tana kuka a kashi 10 cikin miliyan. Na huɗu kabon monoksaid, gubar hayaƙin janareta.

Alkaluman H2S ya kamata kowane lebura ya haddace su. Hanci yana jin warinsa tun yana ɗan mitsitsi, amma a wajen kashi 100 cikin miliyan yana kashe jin wari cikin mintuna, mutum ya ce ai warin ya tafi alhali ƙaruwa ya yi. Daga 500 zuwa 700 mutum yana zubewa cikin minti biyar. Daga 700 zuwa 1,000 numfashi ɗaya ko biyu ne. Shi ya sa labarin kullum iri ɗaya ne, ko a manhol ko a shaddar gida da wayar salula ta faɗa: na farko ya sauka ya yi shiru, na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta yi gargaɗi tun 1986 cewa sama da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu zuwa ceto ne. Hankici a hanci ko takunkumin ƙura ba sa tare komai a nan. Gwajin zura fitila da masu haƙar rijiya suka gada shi ma bai dace da wannan rami ba: wuta tana ci lafiya a iskar da H2S ɗinta zai kashe mutum, in kuma metan ya taru fitilar ce ashana.

Abin yabo a mitar: batirinta yana kai awa 24, ruwa da ƙura ba sa shigarta, kamfanin yana ba da garantin shekara huɗu, kuma in an kunna mata MotionAlert, mai ɗauke da ita ya yi daƙiƙa 30 bai motsa ba, tana ɓarkewa da ƙara da walƙiya. A ramin da mai tsaron baki ba ya ganin komai sai hular kwano, wannan ƙara tana da daraja.

Abin suka: ba ta da famfon zuƙo iska a jikinta, iskar da ta taɓa fuskarta kawai take karantawa. Gwajin kafin shiga kuwa iskar ƙasan rami ake so. Wasu kan ɗaure ta da igiya su zura, su jawo su duba shafin adadi mafi girma. Yana aiki, har ranar da ta nutse a ƙazanta matatarta ta toshe. Mafita a sayi famfonta na hannu da tiyo tun farko, a sa shi cikin lissafin kuɗi. Da tiyo sai an yi haƙuri, ƙa'idar da aka saba ita ce minti biyu a kowane zango, a ƙara wajen daƙiƙa bakwai ga kowace mita ta tiyo.

Ga yadda gwajin yake. A kunna mita a iska mai tsabta, nesa da salansar mota da janareta, don in ta ɗauki hayaƙi a matsayin sifiri, ƙarya za ta yi ta yi har yamma. A shaƙa mata gas ɗin gwaji daga ƙaramar tukunyarsa a ga duka huɗun sun amsa, kowace ranar aiki. A gwada ta ramin makullin murfi kafin a ɗaga shi. Bayan an buɗe, a auna sama, tsakiya da ƙasa, kusan kowace mita 1.2, don metan ya fi iska sauƙi yana taruwa a ƙarƙashin murfi, H2S ya fi ta nauyi yana kwanciya a ƙasa. A fara karanta oksijin. Dalili shi ne abin da ke gano gas mai kamawa ƙona gas ɗin yake a kan ɗan ƙaramin dutse mai zafi, in oksijin ya yi ƙasa sosai sai ya nuna kaɗan ko sifiri a ramin da ke cike da metan.

Kuma sakamako mai kyau kafin shiga ba lasisi ba ne. Laka tana riƙe gas kamar kwalbar lemo, takalmi ko shebur na motsa ta take sakinsa. Mita ta zauna a ƙirjin mai aiki, kusa da hanci, daga shiga har fita.

Abubuwan da ke kashe mita a ƙasarmu ƙanana ne. Man goge gaban mota mai silikon yana dakushe mai gano gas mai kamawa, don haka aljihun mota ba ma'ajinta ba ne. Ƙurar hunturu tana toshe matata. Tukunyar gas ɗin gwaji tana da ranar lalacewa a jiki, H2S ɗin ciki yana raguwa da kansa, kuma daga waje ake kawo ta. Wanda ya sayi mita bai tanadi hanyar samun tukunya ba, bayan shekara ɗaya abin ratayawa a wuya kawai yake da shi.

Fankar hura iska ba ta cikin saitin, amma ba a shiga ba ita. Mai bututu santimita 20 ta wadatar. Rami mai faɗin mita 1.2 da zurfin mita 4 iskarsa ba ta wuce kubik mita huɗu da rabi ba, wanke ta ba wuya, sai dai ramin a haɗe yake da layi, gas yana ta zuwa, saboda haka fanka ba ta tsayawa sai mutum ya fito. Hurawa ake yi ciki, bakin bututu kusa da ƙasa. Janaretan da ke ba ta wuta a kai shi can inda iska ke kwashe hayaƙinsa, in ba haka ba fankar da kanta za ta ɗura wa mai aiki gubar. Tukunyar oksijin ta mai walda kuwa kada ta kusanci wurin, tufafin da suka sha oksijin ƙyas ɗaya suke jira.

Abin da kayan ke nema daga mai zanen rami

Tambaya ta farko ga injiniya: dole ne a shiga? Ƙa'idar gini ta Ingila tana da dabara a nan. Ramin dubawa da ya zarce zurfin mita 1.2 ana matse bakinsa kada ya wuce santimita 35, yadda tiyon wanki mai ƙarfi da kyamara za su shiga amma mutum ba zai shiga ba. A ramin famfo, famfon ya hau dogo da sarƙar jawowa, bawul ya samu dogon hannu har bakin murfi. Duk abin da aka iya yi daga sama an rage shiga ɗaya.

In shiga ba makawa, waya tana son hanya miƙaƙƙa daga fuli har inda mutum zai tsaya. Bakin ya zauna a saman dandamalin da ke gefen kwararon ruwa a ƙasan rami, ba a saman kwararon ba, kada a sauke mutum cikin ƙazanta mai gudu. Dandamalin ya ɗan gangara, tsakanin ɗaya cikin 10 da ɗaya cikin 30, ya zubar da ruwa amma ya tsayu. Babban abokin gabar winci shi ne bene na tsakiya da ake yi wa ramuka masu zurfi, mai ƙofa a wani gefe daban da bakin sama. Domin mai hawa tsani ya huta aka yi shi, amma wanda ya suma a ƙarƙashinsa ba winci da zai fito da shi, waya za ta goga a bakin kankare, kansa ya daki bene. In dole sai an yi, ƙofarsa ta yi sak da bakin sama, da murfin raga mai buɗewa daga sama.

Santimita 60 shi ne mafi ƙarancin baki, kuma ya yi kaɗan da zarar mutum ya sa ɗamara, ya rataya tukunyar iskar tsira, ga bututun fanka ya cinye 20. Mu 75 muke ba da shawara, ko a yi wa fanka ƙaramin baki nata daban. A zuba dandamalin kankare shimfiɗaɗɗe kewaye da murfi, wanda ya fi faɗin buɗewar ƙafa-uku. Inda hakan ba zai yiwu ba, kamar ramin da ke manne da katanga, ko masu dogon wuya da ke bin kwari irin na manyan layukan Abuja da ke gangarawa matatar ƙazanta ta Wupa, ƙafa-uku ba ta da wurin tsayawa. A nan a binne a cikin kankaren kwasfar sanda mai hannu ɗaya, wadda ke rataye waya a madadin ƙafa-uku, ta silba lamba 316, da marfinta, ma'aikata su zo da sandar su soka. Tsani in an nace sai an kafa, ya zama na faiba ko silba 316, har da notinansa, don noti na baƙin ƙarfe a jikin tsanin silba shi zai fara tafiya. Bututun fita da ya kai santimita 60 a gitta masa sarƙa lokacin aiki, kada ruwa ya ja mutum ciki. Da damina kuwa, in hadari ya haɗu a sama da layi, a ɗage aikin.

Murfi a kan titi ajin D400 ne, mai ɗaukar tan 40 a gwaji. Matsalarsa a nan ba mota ba ce, ɓarayi ne. A Janairun 2025 satar murafe ta kai hukumar Abuja ta hana baban bola yawo a birnin, ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Maganin da wasu ke yi, walde murfi ko danne baki da falankin kankare, yana haifar da wata cutar: ranar buɗewa sai guduma da wutar walda a kan ramin da ba a auna gas ɗinsa ba. Murfin faiba mai makulli ba shi da kuɗi a sikelin panteka, kuma ya fi sauƙin ɗagawa. A ƙarƙashinsa a sa raga mai hinji, ko an buɗe murfi ba mai zurmawa.

Wa ya kamata ya saya

Kaya ne masu tsada, farashinsu dala yake bi, kuma sayen ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba: dubawar ƙwararre aƙalla sau ɗaya a shekara, tukunyar gwaji, matata, horo. Ɗan kwangilar magudana, jami'a, babban asibiti, otal ko rukunin gidaje mai layinsa, saiti ɗaya ya ishe su ramuka ɗari, kuma nan ribar take, don tsani ɗari da ke ruɓewa a ɓoye ba wanda zai duba su, saiti ɗaya a sito kuwa ana ganinsa kullum. Mai rami biyu ko uku ya ɗauki masu kayan haya, ya tsaya ya ga sun shaƙa wa mita gas a gabansa.

A Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram yawancin gidaje shadda da sokawe ne, ba layi ba, amma gas ɗin ɗaya ne, kuma 'yan gidan-kowa-da-akwai da ke kwasa su suka fi kowa shaƙarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga mai gina sokawe, murfi biyu a saman bututun shiga da na fita, yadda tiyon tanka zai kai ko'ina, ya fi kowane winci amfani. In kuma sai an kafa ƙafa-uku a kai, a tuna dakalin sokawe siriri ne, asid ya ci shi ta ƙasa, tafin ƙafa ɗaya yana iya huda shi. A shimfiɗa katakai masu kauri da suka haye kan bangon ramin.

Aikin mutum uku ne: mai shiga, mai tsaron baki da hannunsa ke kan winci, da na uku mai kula da fanka, motoci da wayar salula. Mai tsaron baki ba ya zuwa sayen ruwa, ba ya amsa kira, kuma ko ƙaninsa ne a ƙasa ba ya sauka. Duk minti ɗaya ko biyu ya leƙa: "Malam, kana ji na?" In amsa ta zo a daburce, ko ba ta zo ba, ba a sake tambaya, juya hannu ake yi.

Kafin ranar aiki ta farko, a cusa yashi kilo 80 a tsohon obarol, a sa masa takalma da ɗamara, a sauke shi ƙasan ramin mafi zurfi da mafi matsi da ake da shi. A ba mafi ƙanƙantar ma'aikaci hannun Sealed-Blok, a duba agogo. A lura da inda kafaɗa ta maƙale, da ko hannun juyawa yana bugun katanga, da kuma inda takalman suke lokacin da ƙugiya ta taɓa fuli. In suna ƙasa da bakin rami, a ƙara wa ƙafafun fil ɗaya a sake.